Hular Bafaranshe

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ina aji huɗu na sakandare a Jega. A gidanmu na Gumbin Kure kakana kaɗai ke son karatun nan nawa. Baffannina kullum cewa suke a dawo da ni fadama, shi kuma ya tsawata musu. Na san ran da ya janye hannu, boko ya ƙare mini.

Malaminmu na tarihi ya shirya wasan kwaikwayo don ranar ba da kyaututtuka, a kan yadda Amurkawa suka ƙwaci kansu daga Ingila. Ni aka ba kwamandan Faransa, wanda ya kawo wa Amurkawan jiragen ruwa da bindigogi da sojoji. Na ce wa malam kakana daga wajen Dosso ya gudo yana saurayi, lokacin da Faransawa ke kamun mutane aikin tilas, kuma har yanzu akwai tabon bulala a bayansa. Na roƙe shi ya ba wani. Ya yi dariya, ya ce wannan ba ya cikin manhaja. Har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake.

Shi kansa ya faɗa mana a aji cewa haushin Ingila ne ya kai Faransa yaƙin, ba ƙaunar 'yanci ba. Amma a wasan sai ya sa mini hular kwali, 'yan ajinmu suka ɗaga ni sama suna kirarin Faransa uwar 'yanci.

Kakana na zaune a gaba, ya biyo motar albasa tun da safe don ya gan ni. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya fita ana cikin tafi. Na cim masa a bakin ƙofa, hular na kaina.

"Abin da anka koya maka ke nan?" ya ce. "Mutanen da sunka ɗaure mu da igiya guda kamar awaki? Ƙanena can ya mutu bisa hanya, ba su bari munka rufe shi ba."

"Kaka, wasa ne."

"To, an gama wasa. Ɗauko akwatinka."

Malamin ya samu ƙarin girma, aka mai da shi Birnin Kebbi. Ni kuwa, ran da 'yan ajinmu suka zauna jarrabawar fita, ina duƙe a fadama ina dashen albasa.