Wuƙa a Hannun Barira

Tumaki goma sha ɗaya Inna Barira take kiwo a gindin dutsen nan na Birnin Kudu, inda ake zuwa kallon zanen mutanen da. Tun da mijinta ya rasu, 'yarta Lailatu kuma ta yi aure a Gwaram, ba ta da abokin hira sai wata tsohuwar tunkiya da take kira 'Yar Baƙa. Mu maƙwabta har tsokanarta muke yi, wai tunkiyar ta fi mu sanin cikinta.

Ranar Asabar motoci ke sauke baƙi. Su hau dutse, su ci, su sha, su watsar da leda, su ɗauki Barira hoto ko sallama babu. Abin nan yana ƙona min rai. Ita dai sai ta bi bayansu tana tsince ledojin, don kada tumakinta su haɗiye.

Duk da haka 'Yar Baƙa ta haɗiya. Ta daina cin ciyawa, ciki ya kumbura, wata Asabar da hantsi ta kwanta ta kasa tashi. A wajenmu mace ba ta yanka, dabba kuwa in ta mutu ba a yanka ba ta zama mushe. Barira ta ɗauko wuƙa ta nufi baƙin.

"Bayin Allah, wa zai yanka min tunkiya?"

Maza sun fi ashirin a wurin. Wannan ya ce bai iya ba, wancan ya dubi farar rigarsa. Wani ma wayarsa ya ɗaga yana ɗaukar hoto.

Ta koma ta zauna, ta ɗora kan tunkiyar a cinyarta, wuƙa a hannu, har rai ya fita.

Washegari Malam Barau, limamin unguwarmu, ya zo yi mata jaje.

"Inna, ai da kin yanka da kanki. Yankan mace ya halatta."

"Na sani, Malam," in ji ta. "Hannuna ne ya ƙi. Na so wani ya ɗauke min."

Lailatu ta aiko a kai ta Gwaram, Barira ta ce sai bayan damina. Har yanzu tana tsintar leda a gindin dutse, amma na daina jin muryarta ta katanga.