Riga Ta Biyu a Gidan Gauraki

Har yau na rasa amsa: riga ɗaya na ɗinka wa Malam da hannuna, to ta biyun da na gani a Lamaji, wa ya ɗinka ta? 'Yata ce ke rubuta wannan, ni ban iya ba, kuma na ce kada ta gyara mini ko kalma ɗaya, don wallahi abin nan ya faru da ni, da rana tsaka, idona biyu.

Malam mijina ne, mun fi shekara arba'in tare a Sabangali, bakin kogi. Da ya gaji da kasuwa sai ya kama aiki a wani gidan kiwon gauraki a Lamaji. Gaurakin nan da masu hali ke ajiyewa a tsakar gida an yanke musu fiffike, su ake karɓowa a haɗa mace da namiji su yi ƙwai, wani lokaci a yi musayar ƙwan da wani gida irinsa a hayin Kamaru don kada jini ya zama ɗaya, in 'ya'yan sun yi ƙarfi a sake su daji. Dokar aikin ɗaya ce: ɗan tsako kada ya ga fuskar mutum, kada ya ji muryarsa, don in ya saba da mu, ran da aka sake shi zai bi mafarauci da ƙafarsa. Shi ya sa mai ciyar da su yake rufe jikinsa ruf da riga ruwan toka, ya riƙe kan gauraka na itace yana tsattsagar gero da fara da shi kamar uwa.

A babbar kasuwarmu, Gran Marshe, na sayo yadin. Ran da ya gwada na yi dariya har da hawaye, na ce, "Malam, da tsufanka ka koma dodo?" Ya ce, "Dodon ya fi ki iya yin shiru, Hajjo." Daga baya wata gauraka ta yage masa kafaɗar hagu, na yi masa faci da koriyar atamfa.

Da damina ya rasu, zazzaɓin kwana uku, rigar tana kan igiya ya kawo mini wanki. Ina kwana tara a takaba sai ga likitar gidan, Dokta Ashta. Ta yi ta'aziyya, ta ce, "Hajje, 'yan tsakin Malam huɗu ne, ɗaya ya mutu jiya, sauran sun ƙi ci a hannun kowa. Ki ba mu rigar." Na ce ba wanda zai sa rigar mijina ina raye. Ta ce to su ma mutuwa za su yi. Na tashi, na zauna, na sake tashi, na san unguwa za ta yi da ni a kan fita cikin takaba, amma na ce to sai dai ni in sa ta, na ɗauki rigar, na yafa mayafi na bi ta, motarta tana ta kafewa a taɓo.

Ta sa mini rigar, ta miƙo kan itacen, ta ce ko tari kada in yi, ta kulle ƙofar shingen waya a bayana, ta koma tana leƙe ta wata 'yar taga. Na shiga cikin ciyawa har gwiwa ina neman su. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, sau uku, a tsaya, a sake. Haka Malam ke ƙwanƙwasa faranti da yatsa in yana jiran shayi. Na ɗaga ido, ga mutum tsugune bakin kududdufi cikin riga irin tawa, da koren faci a kafaɗar hagu, 'yan tsakin nan uku sun kewaye shi suna ci kamar ba su taɓa ƙi ba. Na shafa kafaɗata. Facina yana nan.

Innalillahi! Na manta doka, na manta komai, na buɗe baki da kuka na ce, "Malam!" 'Yan tsakin suka ɗaga kai. Bai juyo ba, ya yi mini magana ɗaya ƙasa-ƙasa, na toshe bakina da hannu, kafin in share ido babu kowa sai ciyawa a kwance inda ya tsuguna. Na durƙusa wurin na ƙwanƙwasa kan itacen sau uku, suka zo.

Dokta ta rantse ni kaɗai ta gani, tsaye kamar icce, 'yan tsakin kuma can nesa suna tsattsagar ƙasa. Na ci gaba da zuwa har suka yi fiffike aka kai su wajen tafki aka sake. Ban taɓa ce musu uffan ba, shi ma bai sake zuwa ba, ko da yake kullum sai na duba bakin kududdufin.

Ku da ke karantawa, wanda ya rasu ya bar aiki a hannu, ku ƙarasa masa, kada ku bari sai ya dawo da kansa. Ni dai har yanzu in gauraka ta yi kuka a kan kogi sai in kasa zama, in fita tsakar gida in dawo, ina jin maganar nan tasa a kunnena:

"Yi shiru, Hajjo. Kada su gane mu mutane ne."