Farantin da na nema a rumfar mai balangu

Shekarun baya, kafin aiki ya fara yawo da ni ƙasashe, akwai abin da ba ya wuce ni ranar Lahadi: balangun wani mahauci a bayan tashar Ƙanƙara. Tun hantsi yake ɗora cinyar rago a kan garwashi, yana juya ta a hankali, ba ya sa mata wuƙa sai an sauko daga Azahar. Mu biyu ne masu bencin gefen rumfar, ni da abokina.

Tare muka yi firamare da shi. Ɗan Maguzawa ne daga wata unguwa a bayan 'Yargoje, daga baya gidansu suka zama Kirista. In an tashi daga sujada a coci sai ya hawo kekensa, ni kuma in na idar da salla in iske shi can. Takarda ɗaya mahaucin ke shimfiɗa mana, ya zube nama da albasa da yaji, hannuna da nasa. Haka muka yi shekaru.

Sai aka tura ni Ingila ƙarin karatu. Su ma can suna da tasu Lahadin. Akwai mashayar unguwa inda iyalai ke zuwa cin gasasshen nama da dankali da romo, wani malaminmu yakan kai ni. Ni dai kifi da dankali nake ci, amma tsarin ya burge ni: kowa da farantinsa, da wuƙarsa, da cokali mai yatsu, ba mai kai hannu gaban wani. Na ci abinci a Khartoum da Alƙahira a tire ɗaya da mutanen da ban sani ba, amma na Turawan ne ya shiga kaina, don shi na ɗauka wayewa.

A hanyar dawowa na biya na sauke farali. Na iso gida da haƙorin Makka, kowa sai Alhaji, Alhaji.

Lahadin farko na tafi rumfa. Abokina ya rungume ni yana dariya, ya ce, "Buɗe bakin mu gani, ko duka talatin da biyun suka canja maka." Da mahaucin ya jawo takarda zai zuba, sai na ce, "Sarkin Fawa, nawa a sa mini daban. Ba ka da faranti?" Ya dube ni, ya dubi abokina, ya ɗauko wani farantin tangaran ya goge da gefen rigarsa. Ina ci ina zuba labarin Ingila. Abokina ya ɗauki yanka biyu, ya ce ya ci tuwo kafin ya fito.

Lahadi ta biyu bai zo ba. Ta uku ma haka. Na ce ko damina ce ta riƙe shi. Mahaucin yana wasa wuƙa, bai ɗago kai ba, ya ce, "Alhaji, damina ba ta taɓa hana shi ba. Mutum ya dawo daga Makka, ranar farko ya raba kwano da kai. In kai ne, me za ka ce a ranka?"

Wallahi abin bai taɓa zuwa kaina ba. Ni ina kwaikwayon Turawa, shi kuma ya ɗauka aikin hajji ne ya sa na fara ƙyamar hannunsa.

Ban jira wata Lahadin ba. Washegari na hau babur zuwa unguwarsu. Na iske shi a gindin ɗorawa ya dawo daga noma, akushin tuwon dawa da miyar kuka a gabansa, bai fara ci ba. Ya tarbe ni da ladabin da ake yi wa baƙo, wanda ya fi zagi ciwo. "Sannu da zuwa, Alhaji. An sha hanya." Sannan ya ɗaga murya wajen matarsa: "Uwargida, a zuba wa Alhaji a sabon kwanon nan da ba a taɓa ci a ciki ba."

Tun daga Ƙanƙara nake shirya jawabi, da Hausa da ɗan Turanci. Duk ya gudu. Sai na tsuguna, na wanke hannu a ƙwaryar ruwansa, na yi bismilla, na cusa yatsu tsakiyar malmalar. Ashe a lokacin aka kwashe tuwon. Zafin ya kai mini har ƙwaƙwalwa, amma na daure na kai loma baki, hawaye na zuba.

Ya daɗe yana kallona. Can ya ce, "Daga gefe ake farawa, Alhaji. Har wannan ka manta?" Ya matso, ya sa hannunsa. Da matar ta iso da sabon kwanon, ya ce ta mayar.

A nan na ba shi labarin mashayar da farantansu. Ya saurara har ƙarshe, ya suɗe yatsa, ya ce, "To su Turawan, gaba suke da juna?"

Na koyi harsuna huɗu a yawona, amma sai ranar na gane cewa abin da mutum ya ɗauko a wata ƙasa, in ya sauke shi a gida, mutanen gida da nasu idon za su karanta shi, ba da nasa ba.

Yanzu mahaucin ya riga ya rasu, rumfar ta zama shagon cajin waya, hanyar 'Yargoje kuma ba kowace rana ake bin ta da kwanciyar rai ba. Abokina yana Sabuwa wajen babban ɗansa, haƙora sun ƙare masa, balangu sai dai ya ji ƙamshi. In na samu zuwa, jikokinsa kan kawo mana fura da ludayi biyu. Shi da kansa yake miƙa musu ɗaya su mayar.