Baƙin da Yaya Mamman Yake Gani

Malam Garba, daren jiya na yi wani mafarki da ya hana ni shan kokon safe cikin natsuwa. Tunda kai ka ƙare ƙuruciyarka kana koya wa yara cewa komai yana da dalili, kai zan ɗora wa shi. Amma bari in fara da abin da ya faru ido biyu, don kada ka ce wake na ci na kwanta.

Ka san Yaya Mamman, wana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Tun ina sa gajeren wando shi ne mai duban wata a garinmu. Duk ƙarshen wata, da rana ta faɗi, sai ya hau dutsen bayan gari, jama'a na biye da shi. Al'adarmu ita ce, ko wani ya riga shi hangowa, ba ya buɗe baki sai Yaya ya ɗaga sanda ya ce, "Ya tsaya." Ba sarauta ba ce, babu rawani. Amma gara ka kushe gonarsa a gabansa da ka ce idonsa ya fara gajiya.

A duban da ya wuce, ya daɗe yana kallon yamma, sannan ya yi wata magana ƙasa-ƙasa ya sauko. Ranar sai a rediyo garin ya ji wata ya tsaya. Maƙwabcinsa, Tela Habu, wanda ba ya barin labari ya kwana a cikinsa, ya rubuta a waya ya watsa wa duniya cewa mai duban watanmu ya ce, "Baƙi nake gani a sama."

Maganar ta yi ta yawo har ta isa ga wasu masu bincike na wata jami'a, masu bin diddigin rahotannin abubuwan da mutane ke cewa sun gani a sararin samaniya ba a san ko mene ne ba. Shugabarsu, wata Dakta da Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ta samo lambata. Ba mai ruɗu ba ce. Ta ce yawancin abin da ake kawo musu yakan ƙare a tauraron ɗan'adam, ko jirgi marar matuƙi, ko kuma tauraruwa Zahra ce ta ci ado, amma shaidar mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon sama ba abar yarwa ba ce. Asabar ɗin nan za su zo, ni ne tafinta. Na amsa, har da ɗan gyara hula. Da na kira Yaya kuwa, ya ce waya ba wurin magana ba ce, ya tambayi lafiyar yara, ya kashe.

To, ga mafarkin.

Na gan ni a ajinmu na da, wanda tagarsa ke kallon wurin tankin ruwa, sai dai babu bango babu rufi. An kwashi bencina an jera su a kan dutsen duban wata. Allo na tsaye shi kaɗai, ba abin da ya riƙe shi. Lokacin kamar bayan la'asar ne, amma inuwar kowa tana fuskantar inda ta ga dama.

Masu binciken suna can suna auna sama. Wani dogo mai gemu ya jingina tsani a jikin iska ya hau, yana riƙe da bakin zaren awo irin na tela, Dakta tana ƙasa riƙe da ɗaya bakin. Yakan kira adadi, ta gyaɗa kai, sai ya ƙara hawa. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne ya hau da takalmi.

Sai kawai na ga layin shaidu ya miƙe daga kan dutsen har kasuwa. Wata mata ta ce faifan da ta rufe tuwo da shi ne ya tashi, ya yi shawagi a kan gidan surukarta, ya dawo da ɗumi. Wani direban babbar mota ya ce wani haske ya bi shi a hanya ba ƙara ba hayaƙi, da ya iso gari ya tarar har an ci kasuwa an watse, shi kuwa yana ganin yanzu ya taso. Wani makiyayi ya nuna shanunsa, duk sun ɗaga kai sama kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Ina fassarawa, Turancina na gudu kamar an shafa masa mai, har da kalmomin da ban taɓa sani ba. Duk wanda ya gama, sai Dakta ta ce, "Zahra ce," a ba shi alli guda, ya sauka yana godiya.

Sai kawai layin ya ƙare, saura mutum ɗaya a benci na ƙarshe, wurin da muke ajiye masu barci. Yaya Mamman ne, cikin farar rigarsa ta Juma'a, sandarsa a kan cinya. Ya ba yamma baya. Na ce, "Yaya, ka juyo, rana ta can za ta faɗi." Bai juyo ba.

Dakta ta durƙusa ta gaishe shi da Hausa tsantsa, har da tambayar gajiya da iyali. Sannan ta juyo ta ce da ni in tambaye shi me ya gani. Na tambaya. Ya buɗe baki, amma babu sauti. Maganar ta fito da farin alli, harafi bayan harafi, ta bi iska ta je ta manne a allo: baƙi nake gani.

Nan Turancin ya ƙafe.

Kai malamin kimiyya ne, bari in tuna maka abin da kake barci lokacin da ake koyarwa. Kalmar nan a rubuce fuska ɗaya ce, a baki kuwa ba haka ba. In ka ja wasalin farko, murya ta sauka sannan ta hau, to mutane ne suka zo daga nesa, a shimfiɗa tabarma. In ka taƙaita shi, murya na sama, launi ne, duhu. Ga kuma baƙi na karatu, abokin wasali. Kunne ba ya ɓata a nan, ko na yaron goye. Takarda ce kurma. Na yi shekaru ina faɗa wa ɗalibai haka, ina rage musu maki a kai, amma da na karanta rubutun Tela Habu ban tsaya ko sau ɗaya na tambayi kaina ba.

A mafarkin na ce da Dakta, "Ba zan iya fassarawa ba sai na ji da kunnena." Ta ce, "Su nawa ne?" Na ce ban sani ba ko ana ƙirga su. Mai gemu ya leƙo daga saman tsani ya ce, "Wane launi ne?" Na ce wataƙila amsar ke nan gaba ɗaya. Ba wanda ya yi dariya. Na ɗauki alli zan sa wa kalmar alamar karin sauti, allin ya narke a hannuna ya zama man shanu.

Sai kawai abin ya zo. Ba daga nesa ya taso ba, kawai dai ya kasance a wurin. Zagayayye ne kamar faifai, amma ba ya walƙiya, ba fitilu, ba ƙara, babu ko ɗaya daga kayan adon da na karanta a rahotanni. Baƙi ne wuluk a tsakiya, gefensa dishi-dishi kamar tawada ta zube a rigar makaranta. Ya tsaya daidai gaban fuskar Yaya, can sama. Yaya ya juya kai dama, abin ya bi shi dama. Ya sunkuya, abin ya sauko ya kwanta a kan ƙafafunsa. Ya dube ni, sai na ji sanyi ya rufe mini fuska, na san a lokacin ba ya ganin komai nawa sai kunnuwa da gefen hula.

Masu bincike suka rikice da murna. Dakta tana cewa, "Yana bin mai shaida. Duk inda ya duba, nan yake." Mai gemu ya miƙa zare zai auna, zaren ya ratsa ta ciki ya fita, bai taɓa komai ba. Na'urorinsu duk suka yi shiru. Ta ce ba su taɓa samun irin wannan ba, wanda mutum ɗaya ne kawai yake zuwa dominsa.

Sai kawai ga Inna, mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta hawo dutsen da ƙwaryar ruwa, zanenta ɗaure a ƙirji kamar daga madafa take. Ta dube mu duka ta ce, "Kun yi baƙi kun bar su tsaye kuna ta tambaya? Wa ya rene ku?" Ita na ji muryarta sarai, kuma ta ja wasalin. Ta miƙa ƙwaryar wajen abin. Ba hannun da ya fito. Ta leƙa ciki, ta daɗe, sannan ta ce, "Ai ba kowa." Ta tsuguna gaban Yaya, dattijo mai furfura, ta tsoma yatsu a ruwan ta shiga goge masa ido, yadda take mana da safe in mun tashi da kwantsa. Tana gogewa tana cewa, "Tsaya mana, Mamman." Abin bai gushe ba. Ta ajiye mini ƙwaryar a hannu, ta bi bayan allo, ban sake ganinta ba.

Daga nan rana ta faɗi lokaci guda, kamar an kashe fitila. Garin duka yana kan dutse, manya da yara, har Tela Habu da kekensa. Ga jinjirin wata can a yamma, siriri, fes. Ni da gilashina mai kaurin gindin kwalba na gan shi. Dakta ta gan shi. Shanun makiyayi sun gan shi. Kowa ya yi tsit yana jiran sanda ta ɗagu, don ba a riga Yaya. Muka yi ta jira. Watan ya fara gangarowa zai shige bayan itatuwa, ba wanda ya yi tari.

Yaya ya laluba ya kamo bakin rigata, ya jawo ni kusa. Wannan karon da murya ya yi magana, can ƙasa, da sunan da yake tsokanata da shi tun ranar da aka sa ni a makaranta.

"Ɗan boko," ya ce, "ya tsaya?"

Na buɗe baki. In na ce e, na riga shi, a gaban gari. In na yi shiru, wata zai faɗi. Ruwan ƙwaryar ya fara zuba a ƙafata, ina ji yana bin yatsuna, sai na farka.

Uwargidana Hajiya ce tsaye a kaina, ta dawo daga alwala hannunta na ɗiga. Ta ce, "Malam, lafiya kake ta cewa a ja wasali, a ja wasali? Ka yi ritaya fa, ka bar yaran mutane su huta." Na tashi na ɗauki buta.

Da gari ya waye na kira Tela Habu na ce ya maimaita mini maganar yadda ta fito daga bakin Yaya. Ya ce, "Haba Malam, ga iska, ga goro a bakinsa, ni kuma ina baya. Abin da na tsinta na rubuta. Yanzu dai garinmu ya yi suna, ko ba haka ba?" Bayan na ajiye wayar sai wasu abubuwa suka riƙa dawo mini. Da Sallah na ga Yaya ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya ce kofin ne ya goce. Ya gaishe da ɗana da sunan ƙanensa. Da yana mini magana, gefen fuskata yake kallo, na ɗauka sabon salon dattako ne.

Ka ga inda nake. Mutanen nan za su zo Asabar da na'urorinsu da ladabinsu, garin ya riga ya share ƙofar gidansa, Yaya kuma bai ƙaryata kowa ba. Wataƙila ya fi masa sauƙi a ce shi ne wanda ya ga mutanen sama, da a ce shi ne wanda wata ya wuce ta gabansa. Wataƙila kuma da gaske wani abu ya gani, ni ne na cika karatu har ya fara fito mini ta barci. In kuwa ido ne, na ji ana cewa akwai irin ciwon da in aka yi jinkiri ba ya dawowa, asibitin ido kuma ba nisa daga gidana. Sai dai ban san da wane baki ƙane zai ce wa mai duban wata ya zo a duba shi ba.

Na sa a zuba wa mota mai, zan tafi tun Juma'a, in zauna kusa da shi in roƙe shi ya sake faɗar kalmar nan guda, a kunnena. To, Malam Garba, me kake gani a mafarkin nan? Ƙwaryar da Inna ta bar mini, ta tarbar baƙi ce ko ta wanke ido? In kuma ya faɗa, na ji wasalin gajere ne, me zan ce masa?