Turakun Namadi A Hanyar Kebbe

Ranar da Namadi ya faɗa ramin rini ina nan tsaye da jakaina biyu, don haka kada wani ya ce maku ƙari nika yi. Ranar kasuwar Tambuwal ce, shekara huɗu da samun mulkin kai. Ya fito da farar riga mai gajeren hannu, farin gajeren wando, da safa har gwiwa. Yana riƙe da bakin sarƙar awo yana ja, yana tafiya da baya, yana kiran lambobi ga Ɗangiwa, helman leburorin hanya. Kowa a marina ya ga ramin sai shi. Ni ma na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna mutumin ga ya shekara uku a jami'a, ƙila an koya masu gani ta ƙeya.

Ya shige har ƙirji. Na'inna marini ya kama shi ta hammata ya tsamo shi, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce shekara talatin yana sana'ar ga bai taɓa rina tufa da mai ita a ciki ba, kuma in ana son launin ya kama sosai sai a sake tsomawa. Namadi ya naɗe sarƙar. Ya ratsa kasuwa da sarƙarsa a kafaɗa, yana ɗigar da baba a ƙasa. Kwana goma sha biyu ƙafafunsa suka yi da shuɗi. Ni na sa masa Injiniya Shuni, sunan kuwa ya kama shi fiye da rinin.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Ubansa Abdulhamidu maginin rumbu ne, wanda ake aika wa jaki daga Jabo har Dogon Daji in kaka ta kusa. Shi kuwa Namadi tun yana tsirara ba ya barin ruwa ya tafi inda yake so. In an yi sama sai ka same shi a lungu yana tare kwata da laka. Akwai shekarar da ya tare ta da kyau har ruwan ya juya ya shiga madafar uwata ya kashe mata wuta. Ya sha bulala, amma ko cikin kuka tambaya yake yi wai ta ina ruwan ya fara shiga.

Tare aka ɗauke mu elamantare. Sunana Malami, amma aji biyu na yi na ga ni da allon bango ba mu da abin gaya wa juna, na koma wa jakan babana. Namadi ya wuce Sakkwato, daga nan sai muka ji wai yana Zariya yana karatun ginin hanya da gada. Uwarsa Inna Asiya ta tambaye ni ko gada ma sai an karanta ta. Na ce mata ni ma abin da ya hana ni zama likita ke nan, yawan ɓata lokaci.

Abin da ya dawo da shi gida shi ne, a karatun nasu in ka yi nisa sai a tura ka waje shekara guda ka yi aiki da hannunka. In shekarar ta cika, babban injiniyan da ke kanka ya sa hannu a wata takarda. In babu sa hannun ga, ba ka komawa ka ƙare, shekarun baya sun tafi a banza. Namadi ya roƙa aka haɗa shi da masu buɗe hanyar Kebbe. Babban injiniyan yana zaune Sakkwato, sau ɗaya a wata yake leƙowa. Ya yankar wa Namadi wuri guda ya ce nasa ne: mashigin rafin da muke kira Tsamiya Biyu, da gangaren da ke kaiwa gare shi.

Na san rafin ga fiye da yadda na san ɗakina. Duk mako da damina nakan kai gishiri da kanwa Kebbe, in dawo da gero. In na iso Tsamiya Biyu sai in sauke wa jakai kaya, in ɗora a ka, in shiga ruwa har wuya, sawu uku ko huɗu, ko ina so ko ba na so.

Sati uku Namadi ya yi a wurin yana leƙa wani madubi mai ƙafa uku, yana rubutu a littafi, leburori suna kafa masa turaku masu jan kai. Ranar wata Alhamis ya bi motar aiki zuwa Sakkwato ɗauko siminti, Ɗangiwa ya tafi tare da shi. Babban injiniya kuwa an ce ranar Litinin zai zo duba awon.

To, mutanen ƙauyen da ke bakin rafin sun ji daɗin zancen gada ƙwarai. Mai unguwarsu ya ce bai kamata babban baƙo ya zo ya tarar da sabara da ƙaya ba, sai ya kira gayya ranar Juma'a da safe. Ana cikin sassabe na iso da jakaina. Da suka ji ni maƙwabcin injiniya ne, sai aka ba ni wuri. Ni kuwa ba a ba ni wuri in ƙi zama.

Da aka share ciyawa, turakun suka fito fili, sai duk muka ji kunya. Wani dogo, wani ya nutse sai kansa, layin kuma ya karkace kamar hanyar da akuya ta bi. Duk wanda ya taɓa kafa danga ya san ba haka ake yi ba. Wani tsoho ya ce Allah sarki, yaron ya daɗe a boko, hannunsa ya manta. Na ce masu ai ɗan mutunci ne, ubansa ma magini ne, kada mu bari a yi masa dariya kamar ta marina. Muka samo igiya muka ja ta miƙe. Muka tumɓuke turakun nan kaf, muka sake kafa su a jere, taki uku uku, kansu daidai wa daida. Ni na riƙe guduma. Da muka ƙare har makaɗin gayya ya yi mani kirari.

Asabar da hantsi Namadi ya sauko daga mota. Ya tsaya ya dubi layin tun daga gangare har bakin rafi. Ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa da farin wandonsa.

"Wa ya taɓa turakun ga?"

Na matso gaba na ce ba sai ya gode ba, zaman tare ya wuce haka.

"Malami," in ji shi, a hankali ƙwarai, "kowane turke kansa shina faɗin inda ƙasa za ta kai. Dogo, a cika. Gajere, a sare. Karkatar kuma ni na yi ta, don mota ta sauka ba ta kife ba. Sati ukuna ka bi da guduma."

 Ya ce jibi babban injiniya zai zo, zai ɗora madubinsa a kan turke na farko ya ga ba abin da ya yi daidai da littafi, kuma wanda bai iya tsare turke ba, ba mai ba shi gada. Ya fara zancen yadda zai gaya wa Inna Asiya cewa Zariya ta ƙare.

Ɗangiwa ne ya katse shi. Shi bai san ko bihim a boko ba, amma ya shekara ashirin yana aikin hanya. Ya kama hannun Namadi ya kai shi gindin babbar tsamiyar, ya nuna masa wata ƙusa. Ashe tun ranar farko ya matsa masa sai da ya buga ta a jikin itacen, ya auna ta, ya rubuta, don a cewarsa turke a ƙasar ga ƙafafu gare shi, in mata ba su kai shi gida sun ɗaure akuya ba, masu son ka za su gyara maka shi. Namadi ya buga ta ne a lokacin don kada ya saɓa wa dattijo. Daga ƙusar nan ana iya sake fitar da komai, in akwai hannuwa.

Hannuwa kam akwai. Mai unguwa ya sake kiran gayya, wannan karon ba kiɗa. Namadi ya raba aiki: masu jan sarƙa, masu fiƙe turaku, masu bugawa sai ya ɗaga hannu su tsaya. Ni ya ba ni doguwar sandar nan mai zane-zane da ake leƙawa ta madubi. Ya ce in tsaya inda ya tsayar da ni, kada in karkata, kada in kori ƙuda, kada in yi magana. Kwana biyu, kullum har faɗuwar rana, ban da lokacin salla. Na tabbata ya san akwai masu iya riƙe sanda fiye da ni.

Na yi biyayya har la'asar ɗin Lahadi. Lokacin ya tsayar da ni a tsakiyar busasshen rafin, ya sa aka ɗaura ƙyalle a gora don nuna tsayin bakin gadar. Na dubi ƙyallen, na ga iyakar ƙirjina. Bakina ya buɗe da kansa. Na ce masa in nan ne ruwan zai bi, to gadarsa ma sai ta sauke kaya ta ɗora a ka, don ni nan har wuya yake kama ni, kuma wannan a shekarar da rafin ke da kunya.

Na ɗauka zai ce in rufe baki. Sai ya bar madubin ya zo. Ya ce lissafinsa daga wata tsohuwar taswira ya ɗauko shi. Wani Bafillace mai suna Ɗanmaliki, da ya tsaya kallo da shanunsa, ya ɗaga sandarsa ya nuna masa busasshiyar ciyawa da ta maƙale a rassan ƙaramar tsamiyar, can sama da kaina. Ya ce bara waccan ruwa ya rataye ta, har ya tafi masa da maraƙi. Namadi ya sa na jingina sandar da reshen, ya leƙa, ya rubuta.  Daga nan ya ce a ƙara wa turakun gangaren tsayi, gadar kuma baki uku na wucewar ruwa za ta yi, ba biyu ba.

Litinin babban injiniya ya iso. Ya leƙa turke biyar, ya duba littafi, ya tambayi dalilin da jan fentin kansu bai bushe ba da dalilin da lissafi ya sauya. Namadi ya gaya masa gaskiya duka, sai dai ya ce wani maƙwabcinsa ne mai ƙoƙari, bai nuna ni ba, ko da yake ni kaɗai ne na ɓoye bayan jaki. Mutumin ya je ya dubi ciyawar reshen da kansa. Ya ce a yi baki ukun. Takarda kuwa, ya ce ba zai sa mata hannu ba sai damina ta gwada aikin.

Haka Namadi ya kwashe rani yana kwaɓa siminti da leburori, hannunsa ya yi kanta, gajeren wandon ma ya bar shi ya koma wa buje, wandon nan mai faɗi irin namu. Da damina ta kankama, duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya ari kekena ya tafi Tsamiya Biyu. Cikin watan Agusta rafin ya kawo irin na bara waccan. Ruwa ya cika baki ukun har saura kamar ɗani guda, ya yi ta gurnani yini biyu, ya janye. Gada na nan. Aka sa hannu, ya koma Zariya, ya ƙare.

Yanzu yana aikin hanyoyi a Sakkwato. Ya auri Mardiya, ɗiyar Na'inna marinin nan, wai tun ranar da aka tsamo shi take tausayinsa. In ya zo gida yakan cire takalmi ya taya ubansa cuɗa ƙasar rumbu, tsohon yana yi masa faɗa bai iya sa ramno ba, yankakkiyar ciyawar nan da ake cuɗawa da laka. Shuɗiyar rigar tana nan cikin adakar Inna Asiya, in ta yi baƙi takan fito da ita. Ƙusar ma tana jikin tsamiya, kuma ba mai taɓa turke mai jan kai a ƙasar Kebbe ko da itacen girki ya ƙare.

Daminar da ta wuce na tarar da shi a kan gadar ya tsayar da motar aiki, yana leƙen ƙasa, ga Ɗangiwa da leburori kusan ashirin. Na ga taro ya yi kyau, sai na ɗaga murya.

"Injiniya Shuni, a riƙe shi kada shi ja da baya. Nan ba Na'inna da zai tsamo ka."

Leburori suka kwashe da dariya. Ya bari sai da suka ƙare, ya matso kusa da ni, ya ɗan ja hanci, ya koma da baya taki ɗaya.

"Ni sau guda na faɗa, Malami, kuma sabulu ya fid da ni. Abin da nika nadama guda ne cikin aikin ga. Da can rafin ga shina yi maka wanka duk mako. Tun da na yi gada ban ji wanda ya karɓi aikin ba."