Bajon da Ya Ɗaga Mini Hankali a Riyad

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da abokin aikina. Muna cikin kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan sa ido a cibiyoyin binciken nukiliya. An gayyace mu taro a Riyad kan yadda ake bin diddigin irin waɗannan wurare, kada a karkatar da aikinsu zuwa ƙera makami.

A filin jirgin Sarki Khalid wani direba ɗan Maraɗi ya ɗauke mu. Titi sumul ba rami, amma gudun da ake yi kai ka ce gobara za a kashe. "Yalla, Alhaji, haka ake yi nan," in ji shi. Ya biya da mu kasuwar Utaiƙa muka ci kabsa, shinkafa da naman rago tuli guda. Arhar dabino kuwa har haushin 'yan kasuwarmu ta sa na ji.

Washegari a wurin taron aka nuna mana na'urar karanta bajo, ɗan abin nan da muke maƙalawa a riga yana auna tururin nukiliyar da ya taɓa jikin mutum. Don iyayi na miƙa nawa. Awo ya fito sama da ƙa'ida, nesa ba kusa ba. Innalillahi! Kafin tafiyar nan na zagaya wata cibiyar bincike a gida da bajon a rigata, cike da ɗalibai, har da mai juna biyu. In yoyo ake yi, ai su ne a ciki kullum. Abincin rana ma kasa ci na yi.

Ina shirin buga waya in ce a rufe wurin, sai wata malama cikin mahalarta ta tambaye ni inda na ajiye bajon a jirgi. Na ce cikin akwati. Ta yi dariya. Ashe na'urorin haska kaya na filayen jirgi ne suka yi ta dukansa! Duk da haka na sa aka auna bajon ma'aikatan cibiyar da ɗakunanta, aka ce lafiya lau. Wallahi sai da na yi sujada. Abokin aikina kuwa tsiya ya yi ta yi mini har muka sauka Kano.

Na koyi cewa mai sa wa wasu ido, ya fara duba akwatinsa. Da na koma cibiyar, na tarar da ɗaliban suna ta musun ƙwallo, ba su san wainar da aka toya ba. Tsayawa kawai na yi ina kallonsu, ina hamdala.