Kwabo Mai Huji na Surukata

Shekarun baya, ina sabon aure, ƙafa ta kai ni haraj, kasuwar 'yan gwanjo ta nan Madina, na dawo gida da na'urar gano ƙarfe a kafaɗa. A waya na ga ana tono tsofaffin kuɗi da ita, abin ya shiga raina. Mai gonar dabinon da nake wa direba ya ce in yi wasana a bayan gonarsa, don a ƙasar nan ba a kusantar wuraren tarihi da irin wannan kaya, sai ka tsinci kanka a jirgin gida. Abin da na tara kuwa ba ya faɗuwa: marafan lemo, ƙusoshi, da wani cokali da ya lanƙwashe. Matata haifaffiyar Madina ce, Hausarta sai ta ga dama, amma ta samo wa na'urar suna. Kullum zan fita sai ta ce, "Yalla, ɗauki tsintsiyarka, a je a share gonar mutane."

Ana nan sai aka sayar da gidan da surukata take haya a unguwar Harra ta Gabas, za a rushe shi. 'Ya'yanta suka kama mata ɗaki kusa da mu a unguwar Ƙurban, aka kwashe kaya tsaf. Hajiya ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ce ba inda za ta. Wai akwai wani kwabo mai huji, irin na zamanin Turawa, da mahaifiyarta ta ƙulle mata a bakin zani ranar da ta baro ƙauyensu na Kano tana amarya. Ba su sake ganin juna ba. A gidan nan ya ɓace tun tuni, ta haƙura saboda ta san yana tare da ita a cikin gida. Yanzu kuwa motar rusau za ta kwashe shi da ɓaraguzai.

Yayyen matata suka ce, "Khalas, shi ke nan ya Ummi, a sayo miki wani." Ko kallonsu ba ta yi ba. Sai ta ce wa matata, "Ki gaya wa mijinki ya zo da sandar nan tasa."

Na ɗauki na'urar na nufi gidan. Washegari za a miƙa makulli, ga surukai sun zauna da shayinsu suna jiran kallo.

Abin da ban sani ba, baƙin dutsen Harra shi ma yana sa na'urar kuka. Ina kunna ta sai ta kama ihu ko'ina. Na bi bakin ƙofa, na bi inda gado yake, na bi tsohon murhu, duk inda masu bidiyo suke cewa a duba. Zufa har cikin takalmi, ban samu komai ba sai ƙusa. Babban yayan matata ya ce, "Masha Allah, ashe a kan zinariya muka girma!" Aka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na kashe na'urar na koma zaure.

A nan na tuna abu ɗaya da gonar dabino ta koya mini: kayan mutane a inda hannunsu ya saba aiki suke faɗuwa. To me Hajiya take yi da kwabon? Ni dai ba zan iya tsayawa gaban surukata ina yi mata tambayoyi ba, sai na kira matata ta tsaya a tsakaninmu, ina daga zaure.

"Tambaye ta, ajiye shi take yi ko amfani take da shi?"

Hajiya ta ji ni sarai, amma sai ta juya ta amsa wa 'yarta. "Duk ɗan da na haifa, in cibiya ta faɗi, shi nake ɗorawa in ɗaure da tsumma don kada ta yi cibi. A kanki ya ɓace, auta."

"Tambaye ta a ina take wa jariri wanka."

Matata ta zaro ido. "Aib alaik, abin kunya! Wannan kuma ina ruwanka?"

"A daro, ƙofar ɗaki," in ji Hajiya.

"Ruwan wankan fa, ina take zubarwa?"

"Wa ke zubar da ruwa a banza a zamanin da sayensa muke? Gindin magarya nake kai shi."

Zumbur na miƙe. In tsumma ya kwance a cikin daro, ai tare da ruwa kwabon zai tafi. Sai dai babu magarya a gidan, an sare ta tun matata tana rarrafe. Hajiya ta nuna wani lungu da baki, inda aka yar da mataccen injin wanki. Muka janye shi, ga ruɓaɓɓen kututture. Ƙasar wurin mai laushi ce, babu dutse, na'urar ta yi tsit. Na matsa kaɗan sai ta yi wata siririyar ƙara. Na tona, marfin lemo! Dariya ta sake tashi. Ban kula su ba, na mayar da na'urar cikin ramin, ƙarar tana nan. Na zura hannu tsakanin saiwoyi, yatsana ya taɓa wani abu mai faɗi. Na murje ƙasar, na ɗaga shi sama, sai ga rana ta cikin hujin.

Allahu Akbar! Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Matata ta rangaɗa guɗa irin ta Larabawa. Hajiya kuwa, wadda ba ta taɓa karɓar ko dabino daga hannuna ba, ta taso da kanta ta karɓe shi. Ta goge shi da bakin mayafi, ta ɗora a kan idonta, tana cewa "Inna, Inna" kamar ƙaramar yarinya. Masu shayi duk suka sunkuyar da kai. Da ta share hawaye sai ta naɗe tabarmarta ta ce, "To, me muke jira? Ku kawo mota."

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni inda ya kamata ya duba, sai in ce ya kashe na'ura ya je ya zauna da tsofaffin wurin tukuna. Har yau ban taɓa tono abin da za a saya ba, kuma ban damu ba, in na tuna ranar nan ji nake babu kamata a Madina.

Hajiya ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kwabon yana wurin matata. Da muka haifi 'yarmu likita ya hana a ɗora shi a cibiya, sai ta ɗora mata a kan riga, aka yi addu'a. Na'urar kuwa har gobe tsintsiya take ce mata, amma ita ke goge mata ƙura.